Shekara Tara Da Yanka Shimfiɗar Inna

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Kande, wadda mutanen Paki suka fi sani da Kande mai keke. Ta rasu 'yan makonni bayan Ƙaramar Sallah, shi ya sa tun daga lokacin Sallah ba ta zo mini da cikakken daɗi. A shekarun baya nakan toya waina in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Na ɗauko wani aiki da na yi zaton zai sake tara 'ya'yan Inna wuri ɗaya ko da na wuni guda ne, kuma ina so in gaya wa masu karatu yadda ta kaya.

Mu huɗu ta bari. Yaya Idi ne babba, shi ke zaune a gidanmu na Paki yana noma. Sai ni, Zulai, aure ya kai ni Makarfi, ina koyarwa a makarantar firamare. Sani yana Hunkuyi yana dillancin kayan gwari. Autarmu Hajara tana aure a Janfalan. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san babu mai nisa a cikinmu. Idan ka karya kumallo a gidan ɗaya, za ka iya yin azahar a gidan ɗayan. Amma rabon da mu huɗun nan mu sa hannu a abinci a zama ɗaya, tun Inna tana da rai.

Keken nata ba na hawa ba ne, keken ɗinki ne baƙi mai feda, wanda ya riga ya ci zamaninsa a wani gidan kafin ya zo namu. Maƙwabciyarmu ce ta sayar mata da shi, ta kuma koya mata takawa. Sunanta Mama Saratu, matar wani malamin asibiti da aiki ya kawo su daga kudancin Kaduna. Musaya suka yi. Mama Saratu ta nuna wa Inna yadda ake naɗa zare da daidaita ƙafa a kan feda, Inna kuma ta koya mata haɗa daddawa da kaɗa miyar kuka ba tare da ta yi gudaji ba. Kowace a cikinsu ta tafi da yaƙinin cewa ita ce ta ci riba.

Kada wani ya ɗauka ƙwararriyar tela nake yabo. Inna ba ta iya yayi ba. In kika kai mata sabuwar atamfa sai ta shafa ta, ta yaba, ta miƙo miki abarki ta ce ki kai wa telolin kasuwa, ita hannunta rawa yake a kan sabon abu. Amma kawo mata abin da ya mutu ki ga aiki. Babbar rigar Baba idan wuyanta ya cinye, ta zama jamfar Yaya Idi. In ta gaji a jikinsa ta koma 'yar sharar Sani. Daga nan jakar zuwa makaranta, daga jaka gammon ɗaukar ruwa, daga gammo tsumman goge keke. A gidanmu tufa ba ta samun hutu sai ta zaga kowa. Mu kuwa ba godiya muke yi ba. Na taɓa zuwa makaranta da bujen da aka fitar daga wandon Baba, aljihun ya faɗo a baya, ƙawayena suka yi shekara suna tambayata ko Baba ya manta canji a ciki. Na dawo gida da kuka, Inna ta juya ni ta duba, ta ce in share hawaye, ba kowace yarinya ce ke da aljihu ba.

Hannun da take ɗinki da shi, da shi take girki. Ƙanzon tukunya ba ya zuwa wurin awaki. Sai ta shanya shi ta tara, ranar da hatsi ya ja baya ta jiƙa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, mu cinye muna lasar hannu. Idan tumatir ya yi arha a Ikara har manoma na zubarwa a bakin titi, lokacin take aika Yaya Idi da kwando, mu zauna mu yanka, ta shanya kauɗar da za ta kai mu damina. Tuwon jiya ɗumame ne, miyar da ta rage a ƙara mata ruwa da daddawa ta tashi sabuwa. Ba mu san talauci muke ciki ba sai da muka girma wasu suka gaya mana.

To, akwai abu ɗaya da ta ɗinka wanda ba don rashi ta yi shi ba. Duk tufar da ta zo hannunta, kafin ta kai matakin tsumma, sai ta nemi inda ya fi ƙwari a jikinta ta yanke ƙyalle kamar tafin hannu, ta jefa a wata tsohuwar kwalla. Idan azumi ya kama, bayan ta sallami aikin safe, sai ta juye kwallar ta hau keke tana jona ƙyallayen nan a jikin wata shimfiɗa da ta fara tun muna ƙanana. Ta yi mata shafi da tsofaffin zannuwa riɓi biyu don ta yi nauyi. Gefe uku ta kalmashe, na huɗun kullum a buɗe yake, takan ce akwai masu zuwa. Kowace shekara shimfiɗar sai ta ƙara faɗi, har ta kai in an baje ta a tsakar gida tana tashi daga ƙofar ɗakin Inna ta kusa taɓa bakin rijiya.

Tana da ƙa'idojinta, kuma ba a roƙonta a kai. Jariri yana shiga da rigar sunansa idan ta yi masa kaɗan. Matar da aka auro ba ta shiga da kayan lefe, sai zanenta na farko ya tsufa a gidan, ya sha hayaƙin murhu da ruwan wanki. Inna ta ce sai a nan take sanin mace ta zo zama. Wanda ya rasu ba a cire nasa, shi ya sa shuɗiyar shaddar Baba take nan a tsakiya shekaru bayan an binne shi. Har Mama Saratu tana ciki, da wani ƙyalle na zanen da matan cocinsu ke ɗaurawa.

Sau ɗaya ake fito da ita a shekara, ranar Ƙaramar Sallah bayan an sauko daga idi. Dokar Inna ita ce a ranar nan kowa a kanta zai ci, ba mai ɗaukar kwano ya kai zaure ko ɗaki. A ƙauye irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baba ya yi gunaguni a shekarun farko, ya ce shi bai taɓa ganin inda magidanci ke cin tuwo mata na ƙirga masa loma ba. Sai aka sasanta: akushin maza a gefen da ke kallon zaure, kwanonin mata a gefen madafi, yara a tsakiya. Surukai sukan zauna can baki-baki, su juya baya rabi, su ja mayafi, amma dai a kan shimfiɗar suke. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe mai kabewa da yakuwa da gyaɗa, ga waina, ga funkaso, ga kunun tsamiya da mazarƙwailar da nake kawowa daga Makarfi. Yara ba sa zama sai kowa ya rarrafa ya nemo ƙyallensa ya zauna a kai, a yi ta rigima idan na wani ya faɗa ƙarƙashin tukunyar miya. Inna ba ta cika ci ba a ranar. Takan zauna a kujerarta 'yar tsuguno tana zuba ƙari tana kallonmu.

A azuminta na ƙarshe ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya taka feda. Na zo jinya, sai ta sa ni takawa ita tana riƙe da ƙyallen tana tura shi ƙarƙashin allura, tana yi mini faɗa wai ina gudu kamar mai bin mota. Rigar sunan ɗan Hajara na fari muka jona. Aka yi Sallah, aka ci a kanta, aka ninke. Ba mu san shi ke nan ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Inna ba ta bar abin faɗa ba, 'yan tumaki ne da kwanoni da zannuwa da keke. Malamin da aka kira ya yi wa komai ƙima, aka raba yadda addini ya ce, keken ya faɗo a rabona. Sai aka zo kan shimfiɗa. Malam ya ɗaga gefenta ya duba, ya ce wannan ba ta da kuɗi a kasuwa, mu yafe wa juna a bar ta wurin mutum ɗaya. Ni da Sani da Hajara muka haɗa baki muka ce a bar ta a gida wurin Yaya Idi, tunda a nan ake baje ta.

Wanda bai san Yaya Idi ba zai ce magana ta ƙare. Yayana mutum ne da in akuyar maƙwabci ta yi kashi a gonarsa sai ya je ya nemi a yafe masa takin. Tsoron haƙƙi ya yi masa yawa har ya zame masa ciwo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku kun yafe yau. 'Ya'yanku fa? Rigunansu na ciki. Ba zan kwana da abin da wani ke da haƙƙi a kai ba, kuma ba zan bar Inna da nauyi a kabari ba. A ba kowa nasa."

Malam ya gaya masa kyauta halal ce, babu nauyin komai a kan kowa. Ni ma na ce, "Yaya, ba gona ba ce fa, wurin cin tuwo ne." Ya kafe a kan bakansa. Sani, wanda tun safe hankalinsa na kan motar tumatir da zai sallama, ya ce in dai yankan ne zai kawo ƙarshen zaman, to a yanka. Aka auna da kamu, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kamar yadda aka yi wa tumaki. Da almakashin Inna aka yi. Shafin ya yi kauri, almakashin na cijewa, sai da Sani ya sa ƙarfi. Layin ya bi ta tsakiyar shaddar Baba ya raba ta biyu. Mama Saratu ta shigo yi mana sannu ta tarar ana yi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To ni nawa ƙyallen, gadon wa ya zama?" Ta juya ta fita, kuma ba a yi shekara ba ita da mijinta suka koma garinsu.

Ba zan ɗora wa almakashi laifin komai ba. Gonar Baba, wadda ake nomawa tare saboda idon Inna, ita ma an sa mata iyaka a wannan ranin. Sani ya sayar da kasonsa ga baƙo bai yi shawara da Yaya Idi ba, daga nan gaisuwarsu ta koma ta masallaci. Amma abin da na sani shi ne, Sallar da ta biyo baya babu abin da za a baje a tsakar gida, kuma babu wanda ya ce wa wani ka zo. Kowa ya zauna yana jiran wani ya fara. Shekara ta biyu an riga an saba.

Nakan zauna in ce da Inna za ta leƙo yau, me za ta gani? Ina jin abin da zai fara ɗaure mata kai shi ne tufafin kansu. Yadin yanzu roba ne, ba ya tsufa a hankali, sai dai ya narke ko ya kece gaba ɗaya, ba ka samun tafin hannu guda mai ƙwari a jikinsa. Gwanjon da talaka ke rufa asiri da shi a gajiye yake zuwa tun daga inda aka ɗauko shi, kuma shi ma yanzu sai an yi shawara kafin a taya. Atamfa ta gaskiya ta koma kallo daga nesa. Ka ce to ai wannan lokacin masu faci ne, amma ina. Yarinya ta gwammace ta zauna a ɗaki da ta fita da rigar da aka juya, don kafin ta dawo an ɗauke ta a waya an yi dariya. A ajina akwai yaran da in maɓalli ya cire sai a kama rigar da fil har ta mutu, gidansu babu allura.

Madafi ma haka. Daddawa ta ja baya, dunƙulen magi ya cika tukwane, kowace miya ɗanɗanonta ɗaya da ta maƙwabta. Amma wannan ƙorafin masu ƙoshi ne. A gidaje da yawa da na sani tukunya sau ɗaya take hawa murhu a wuni, ƙanzo ba ya kwana balle a shanya shi. Dabarar Inna duk a kan abin da ya rage take, yanzu kuwa ba ya ragewa. Taki ya fi ƙarfin manomi, gonakin nesa ana zuwa da fargaba, samari sun watse, wasu birni wasu ramukan haƙar ma'adini. Zumunci ya koma cikin waya. Ranar Sallah kowa ya turo hoton masallaci da barka da shan ruwa, a mayar masa da irinsa, an gama. Na san Inna za ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya wa ya ci wa bai ci ba.

Abin da ya tayar da ni bana shi ne ciwon da Yaya Idi ya yi bayan girbi. Na je duba shi na tarar gidan da a da ba ka jin maganar kanka saboda hayaniya ya koma daga shi sai matarsa Hassi. 'Ya'yansu maza duk sun tafi nema, ɗakin Inna an zuba buhunan masara. Na ce a raina idan bawan Allahn nan ya tafi a haka, shi ke nan mun gama zama. Sai na ƙudura zan bi 'yan'uwana in karɓo kason kowa, in jona a kan keken Inna, in baje a Paki ranar Sallah in kira su. Nawa kason yana adaka a ninke da kafur, ko ƙura bai sha ba.

Na fara da Janfalan. Hajara ta yi dariyar kunya, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da nata ta goyi duk 'ya'yan da ta haifa bayan Inna, don ta ce babu majanyin da ya kai shi ƙwari, daga baya ya koma abin shimfiɗa wa jariri. Abin da ta fito da shi ya yi laushi har ana hango rana ta cikinsa, kuma kusan rabi ya tafi. Ban ga laifinta ba. Ina jin cikinmu duka ita kaɗai ta yi da shi abin da Inna za ta yi.

A Hunkuyi ban sami Sani a gida ba, yana kasuwa. Na kira shi a waya ya ce, "Wace shimfiɗa kuma? Au, tsumman nan? Tambayi Larai." Larai matarsa ce. Ta ce rabi ya daɗe da bin wani babur da aka sayar, a kan kujerarsa aka ɗaure shi. Ɗaya rabin ta hau tsani ta sauko da shi daga kan rufin kwano, inda ake shanya barkono a kai. Rana ta cinye launinsa, ya bushe ƙamas, in ka girgiza shi sai atishawa. A gefensa na ga rabin shaddar Baba ta koɗe ta koma fari-fari. Na zauna a tsakar gidan mutane na yi kuka, Larai na ta ba ni haƙuri ba ta san laifin me ta yi ba.

Na bar Yaya Idi a ƙarshe don na san nasa na nan lafiya, kuma shi ne babban kason da ya rage. Bayan mun gaisa, na tambayi ƙarfin jiki da gona da labarin yara, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa Hassi ta ɗauko. Yana cikin buhu, buhun cikin wani buhu, ko ninkin ranar farko ba a warware ba. Ya ɗora a cinya ya dafa.

"Zulai, in kin haɗa, ta wa za ta zama?"

"Ta Inna, Yaya, kamar da."

"Inna ba ta da mallaka yanzu. Ki ɗinke nawa da na Sani da na Hajara, gobe in faɗi, 'ya'yana su zo rabo su tarar da haƙƙin mutane a jikin nawa. A sake kawo almakashi? Sau ɗaya na gani, ya ishe ni."

Na ce to ya ba ni aro, bayan Sallah in farke in mayar masa. Ya ce wa ya ba ni tabbacin ni ko shi za mu kai bayan Sallah. Ya miƙa wa Hassi buhun ta mayar. Ban yi fushi ba, tausayinsa ne ya kama ni. A ranar na gane shi ma yankan nan bai bar shi ba.

Na dawo Makarfi da abin da na samu. Keken Inna yana nan yana aiki, sai dai tarin da yake yi in ya daɗe bai sha mai ba. Azumi ya kama, ranakun da babu makaranta na riƙa hawansa da hantsi kamar yadda take yi. Nan na tarar da abin da ban yi tsammani ba, yankunan sun ƙi juna. Nawa na nan da ƙarfinsa da launinsa. Na Hajara allura na shiga sai ya yage, ba ya riƙe zare. Na Sani ya motse, bakinsa ya zaizaye, layin da almakashi ya bi bai ƙara dacewa da na kowa ba. Dole na yi ta datse gefe ina neman inda zare zai kama, kowace datsa kuwa rigar wani ce ke faɗuwa ƙasa. Na sa sabon shafi daga tsohon zanena, na bi na Hajara da ɗinkin hannu. Gefe huɗun duka na kalmashe, don in na bar ɗaya a buɗe warwarewa zai yi. Da na gama na baje a ɗaki, ba ta fi tabarma ɗaya ba.

Wannan ƙanƙantar ita ta hana ni sukuni sauran azumin. Ina tunanin mu huɗu da iyalai da jikoki, ina cewa a ina za su zauna. Na yanke shawarar a sa ta a tsakiya a ɗora abinci a kai, a kewaye ta da tabarmi, yara su riƙa hawa bi da bi. Har aron tabarmi na sa Hassi ta yi a maƙwabta. Na kira kowa. Sani ya ce in sha Allahu. Hajara ta ce in sha Allahu. 'Ya'yana da ke Kaduna su ma in sha Allahun suka ce, ba na cire nawa a cikin zancen.

Maigidana ya bar ni na tafi Paki ranar jajiberi da kabewa da shinkafar tuwo da mazarƙwaila. Ni da Hassi muka hura wuta tun da sassafe. Na yi taushe yadda Inna ke yi, gyaɗar a turmi aka daka ba a inji ba, yakuwar kuma sai a ƙarshe. Muka share tsakar gida, muka baje shimfiɗar a ƙofar ɗakin Inna, muka jera tabarmin aro kewaye da ita. Aka sauko daga idi. Rana ta ɗaga. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai Hassi ta leƙa.

Sani ne ya fara kira. Ya ce kuɗin motar iyali gaba ɗaya ya fi ƙarfinsa, kuma gaskiya shi bai shirya haɗa ido da Yaya ba, a bari sai Babbar Sallah. 'Ya'yana suka turo hoto suna cikin ankonsu. Hajara ba ta kira ba, ni na kira ta. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, bana ba a yi wa yara ɗinki ba. Ba zan kawo su cikin dangi da tsofaffin kaya ba." Autar Kande mai keke ce ke faɗin haka, ga zannuwana na da jibge a adaka waɗanda za su yi wa 'ya'yanta riguna har da na canji. Na ce me ya hana ta gaya mini tun da azumi. Ta ce ko na ɗinka ba za su sa ba, sun gwammace su wuni a ɗaki.

Da azahar ta gabato Hassi ta naɗe tabarmin mutane. Yaya Idi ya shigo daga zaure, ya tsaya ya daɗe yana kallon abin da na ɗinka. Na zaci zai ce a kai masa nasa waje. Sai ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen da ke kallon zaure, wurin maza, shi kaɗai. Ni da Hassi muka zauna ɗaya gefen. Ya ɗora hannun hagu a kan rabin shaddar Baba ya bar shi a nan, ya ci 'yan lomomi, ya ce gishirin ya yi daidai. Sauran abincin muka raba wa maƙwabta, akwai tukunyar da ko buɗe ta ba a yi ba.

Da la'asar ina ninke shimfiɗar na ce zan bar ta a ɗakin Inna, ko Allah zai sa baɗi a dace. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, tafi da ita Makarfi. Kada in mutu a tarar da ita a gidan nan a sa ta cikin gadona."

Bayan shekara tara, me ya rage na Inna? Keken na nan, amma daga ni babu mai hawansa, 'yata ma ta ce duk ranar da na gaji da shi ta san masu sayen tsohon ƙarfe. Taushenta na hannuna, kuma da ni zai tafi. Mutanen Paki da suka girma cikin rigunan da ta juya suna ta raguwa, 'ya'yansu ba su san sunanta ba. Ba na yaudarar kaina cewa baɗi za ta fi bana. Na san ranar da za mu haɗu, ranar da za a baje tabarmin ta'aziyyar ɗayanmu ce, kuma a ranar ba wanda zai ce ba shi da kuɗin mota ko sabon ɗinki.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da alheri kan waɗanda ta tufatar da waɗanda ta ciyar. Ina kewarta ƙwarai, amma wani lokaci nakan gode wa Allah da bai nuna mata wannan Sallar ba. Ta bar mana shimfiɗar da ke ɗaukar gida guda har da maƙwabta. Ni kuma na ƙarar da azumi ina baƙin cikin abin da na iya haɗawa bai fi tabarma ɗaya ba. Ranar da aka baje shi, ya ishe mu har wuri ya ragu.